Dalma da Zarto: Masu Farfaɗo da Tsofaffin Amfilifaya

Idan aka kawo wa gwanin gyara tsohuwar amfilifaya wadda ta shekara talatin a sito ko a ƙarƙashin gado, abu na farko da yake yi shi ne ya hana kowa jona ta da wuta. Mai ita yana ɗokin ya ji ko tana da sauran numfashi, yaron shago ma hannunsa na ƙaiƙayi, amma maigida sai ya naɗe wayar ya tura gefe, ya ɗauko sukurudireba ya kwance murfi. Zai daɗe yana kallo kafin ya taɓa komai. Yana neman inda ya yi baƙi, da inda ya kumbura, da inda ɓera ya yi gida, da kuma inda wani mai gyara ya riga shi shiga ya bar ɓarna. Har sansanawa yake yi, domin taransifomar da ta ƙone warinta ba ya ɓuya, kuma in ita ce ta tafi, sau da yawa maganar gyara ta mutu tun ba a fara ba.

Sai ya gamsu sannan zai ba ta wuta, ita ma ba kai tsaye ba. A gefen teburinsa akwai ɗan katako da aka kafa wa soket da kwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, wat 60 ko 100. An haɗa su ne yadda duk wutar da za ta shiga amfilifayar sai ta ratsa ta cikin kwan tukuna. Yana danna makunni, kwan zai haska fau, cikin daƙiƙa biyu ko uku kuma ya dushe ya koma ja-ja. Wannan dushewar ake jira: manyan kondensa sun sha wutarsu sun ƙoshi, babu inda take zurarewa. In kuwa kwan ya tsaya da haskensa bai rage ba, to akwai inda wuta ta haɗe a ciki, kuma kwan ne ya tare abin da da ya babbake taransistocin da yau ba a ƙera irinsu. Kwan zamani marar zare ba ya wannan aiki, shi ya sa za ka ga masu sana'ar suna tara tsofaffin kwayaye a kwali suna lallaɓa su, kwan da kowa ya jefar.

Yawancin na'urorin da ake yi wa wannan hidima a Amurka da Japan aka ƙera su, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Faifan garmaho na sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, a 1958 ya shiga kasuwa sosai, ko da yake Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, ya yi rajistar dabarar tun 1931. Faifai mai hanya biyu sai amfilifaya mai hanya biyu. Na farkon da bawul suke aiki, wato kwalaben nan na gilas masu yin ja idan sun ɗau zafi. A 1959 kamfanin Dynaco na David Hafler ya fito da ST-70, wat 35 kowane gefe, ana sayar da ita a warwatse cikin kwali a kan ƙasa da dala 100, mutum ya je gida ya harhaɗa da hannunsa. A 1961 McIntosh suka fito da MC275, wat 75 kowane gefe. Daga nan taransisto ya ture bawul, kasuwa kuma ta karkata Japan: Pioneer, Sansui, Kenwood, Yamaha. Shi kansa sunan Marantz, wanda Saul Marantz ya kafa a New York a farkon shekarun 1950, an sayar da shi a 1964, kuma fitacciyar 2270 ta 1971, mai wat 70 kowane gefe da shuɗin haske a fuska, a Japan aka ƙera ta.

Kamfanonin nan sun yi tseren ƙarfi, kuma da farko kowa faɗin abin da ya ga dama yake yi a talla. A 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta taka musu birki. Ta ce duk wat ɗin da za a rubuta, sai na'ura ta iya ba da shi a ɗore, gefe biyu suna aiki tare, bayan an gasa ta awa guda a kan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinta. Wannan doka ta tilasta musu sa manyan taransifoma da faffaɗan ƙarfen shan zafi. Pioneer SX-1980 ta 1978 tana ba da wat 270 kowane gefe, nauyinta kuma kilo 35 ne da ɗoriya. Mutum ɗaya ba ya ɗora ta kan tebur sai ya shirya.

Ba na cikin masu cewa duk abin da ya tsufa ya fi na yau. Akwai tarkace a wancan zamanin ma, kuma amfilifayar yau mai kyau tana iya fin ta da tsabtar sauti a ma'auni. Abin da na da suka fi shi ne an gina su da niyyar a gyara. Kowane rizisto da kondensa da taransisto yana tsaye da ƙafafunsa a kan allo, ido na ganinsa, ƙarfen dalma na kai wa gare shi. Kamfani kuma yakan buga littafin masu gyara, da taswirar wayoyi da adadin wutar da ya kamata a samu a kowane wuri. Mai farfaɗowa da wannan littafi yake aiki, yana karanta tunanin injiniyan da ya tsara ta shekara hamsin da suka wuce.

Babban abin da shekaru ke ci shi ne kondensa mai ruwa a ciki. Ƴar gwangwani ce da aka naɗe fallayen alminiyam da takarda mai jiƙe da wani ruwa a cikinta, aka toshe bakin da roba. A hankali robar tana sakin jiki, ruwan yana ƙafewa. Zafi ne ke gaggauta abin, kuma masu ƙera su suna da lissafin da aka sani: duk ƙarin zafi na digiri 10, rayuwar kondensa tana raguwa da rabi. Idan ta bushe sai ka ji gurnani a lasifika ko da an rage murya, ko kaurin sauti ya tsere ya bar ka da ƙarar gwangwani. A cikin amfilifaya guda mai haɗe da rediyo ana iya samun irinsu da dama, daga manya biyu masu cika tafin hannu zuwa ƙanana da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu suna cewa a tsige su duka a sa sababbi na Nichicon ko Panasonic ko Elna, tunda wadda ba ta mutu yau ba gobe tana hanya. Wasu suna cewa a auna ɗaya bayan ɗaya, a bar mai lafiya. Ni dai na fi karkata ga masu canja masu ruwan duka, amma da sharaɗin da gwanaye ke kiyayewa: a fara gano ainihin cutar a gyara ta, sannan a shiga canji, allo ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa a tsakani.

"Maigida, in ciccire su gaba ɗaya mu huta?"

"In ka cire arba'in ka mayar, ta ƙi tashi, wacce za ka tuhuma? Yi wannan allon, mu kunna mu ji, sannan ka wuce gaba."

Kondensar nan tana da kai da gindi. Wanda ya juya ta, ranar da aka ba ta wuta za ta fashe masa a fuska. Shi ya sa kafin a cire kowace ake ɗaukar hoto, ko a ɗiga alama da biro, domin shi kansa rubutun da kamfani ya buga a kan allo wani lokaci da kuskure a ciki. Zanen tagullar da ke bayan allon kuma ya tsufa; ƙarfen dalma ya daɗe a kansa daƙiƙa kaɗan fiye da kima, sai ya ɓanɓaro. Hannun gwani a nan ake gane shi: ya ɗora, dalma ta narke ta gudana, ya ɗauke, wurin ya fito sumul yana ƙyalli.

Akwai cututtukan da sai wanda ya daɗe a sana'ar ya san su da suna. Wani ƙaramin taransisto na Hitachi, 2SC458, ya yi ƙaurin suna wajen tsatsa a ƙafa da sa lasifika tartsatsi. Da an gan shi ake musanya shi da na zamani irin KSC1845, a kuma lura, domin jerin ƙafafunsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Akwai wani gam mai ruwan ƙasa da wasu kamfanonin Japan suka riƙa manne manyan kaya da shi, wanda da ya tsufa sai ya yi baƙi, ya ci ƙafafun abin da ya taɓa, har wuta ta riƙa bi ta jikinsa. Kankare shi ake yi tas. Maɓallan juyawa masu ƙarar ƙwas-ƙwas yawanci datti ne kawai, a fesa musu maganin wanke mahaɗar wuta a yi ta murzawa. Sai kuma annobar jabu. Manyan taransistocin ƙarshe na asali sun ƙare a kasuwa, sai ƴan damfara suke buga lambarsu a jikin ƙanana. A ido ba ka rabewa, sai an ɗaga murya su tashi da hayaƙi, su tafi da maƙwabtansu. Saboda haka wanda ya samu na asali da ransu ba ya taɓa su, illa ya ciro su ya goge busasshen man da ke tsakaninsu da ƙarfen shan zafi ya shafa sabo.

Masu bawul kuwa nasu hatsarin daban ne. A cikinsu akwai wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa sama, kuma tana iya zama a kondensa bayan an zare waya daga bango. Sai an tsiyaye ta da rizisto an auna an ga sifiri kafin a sa hannu, in kuma dole a yi awo tana kunne, hannu ɗaya ake sa wa, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji.

Bayan canje-canje sai saiti, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin. Taransistocin ƙarshe suna buƙatar ɗan abin da za su riƙa ja ko da babu kiɗa, kamar dai silon mota: ya yi ƙasa ta riƙa shaƙewa, ya yi sama ta riƙa zafi tana shan mai a banza. In wutar zaman nan ta gaza, sauti marar ƙarfi yakan fito da ƙaiƙayi. In ta yi yawa, na'ura ta gasa kanta. Ana kunna ta a bar ta ta ɗumama kamar minti ashirin, a maƙala mita, a riƙa juya wani ɗan mitsitsin maɓalli da sukurudireba mai jikin roba, gashi-gashi, har allura ta tsaya inda littafi ya ce. A sake jira, domin adadin yana tafiya da zafi, a sake gyarawa. Haka kuma ake duba bakin da lasifika ke shiga, a tabbatar babu wutar da ke tsaye a wurin. Ana so ta matso sifiri, in ta yi yawa tana iya ƙona lasifika.

Sannan a gwada ta da abin da ba ya ƙarya. Maimakon lasifika sai a jona ƙaton rizisto mai om 8, a tura mata sauti guda tsararre, a kalli zanensa a allon na'urar awo. Ana ɗaga murya zanen yana girma, har inda kansa zai fara yankewa. Ga wadda aka ce wat 70 ce, ya kamata ta kai kusan bolt 24 kafin ya yanke, gefen hagu da na dama kuma su yi kunnen doki. Kunne yana da nasa hukunci, amma kunne yana son abin da ya kashe wa kuɗi.

Fuskar na'ura aikin lallashi ce. Alminiyam ne da aka buga wa rubutu, kuma sabulu mai kaifi yana iya share rubutun a shafa ɗaya, abin da ba ya dawowa. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsumma, shi ke nan. A Marantz, bayan gilashin tashoshi akwai ƴar farar takarda da ke baza hasken ƙananan kwayaye masu bolt 8. Zafin shekaru yana mayar da ita ruwan ƙasa, shuɗin fuskar ya koma kore-kore. Canja takardar kawai yana dawo da launin. Wasu suna sa kwayayen zamani marasa zafi, wanda ke da amfani domin na da suna narkar da robar da ke riƙe su. Sai dai wasu sukan zaɓi shuɗi mai tsananin haske har fuskar ta koma ta motar haya da daddare. Wannan kam ban ga kyansa ba. Ɓangaren rediyon kuwa, da ƙananan naɗe-naɗensa da zaren da ke jan allura, mai hankali ba ya murɗa komai a ciki sai yana da kayan awonsa.

Rabin aiki ke nan. Sauran rabin na kafinta ne, kuma ba kowane mai dalma ne ya iya zarto ba. Da yawa sukan haɗa hannu da wani.

A wancan zamani, akwatin katako sau da yawa daban ake sayensa. Marantz suna da nasu mai lamba WC-22, wanda 2270 da ƴan'uwanta ke zurawa ciki ta gaba. Da yawa ba su saya ba, waɗanda aka saya kuma ruwa da rana da ƙaura sun cinye su, don haka yau mai so sai dai a ƙera masa. Wasu kamfanonin ma ba katako suka sa ba, leda ce mai zanen katako aka manna a kan allon garin katako. Ita ake ɗayewa a sa na gaske.

Abin da zai ba mai kallo mamaki shi ne akwatunan asali ba gundumen katako ba ne. Siririn falle ne na itacen walnat, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, aka manna a kan allo. Ba rowa ce kawai ta sa haka ba. Katako tsantsa yana numfashi: ya sha danshi ya buɗe ta faɗinsa, ya bushe ya tsuke. Ka sa shi ya kewaye na'urar da ke zafi da sanyi kullum, in ba a yi dabara ba kusurwa za ta buɗe baki. Filawud ba ya wannan motsi. Mai son katako tsantsa dole ya samu wanda ya bushe sarai, ya bar masa ɗan sarari ya motsa, ya kuma ƙarfafa kusurwa da ƴan fallayen da ake tsagawa a cusa.

Kusurwar ita ce jarrabawa. Gwani yakan ɗauki dogon allo guda ya yanka shi uku, gefen hagu da sama da gefen dama, bi da bi, kowane baki a jirge digiri 45. Sai ya shimfiɗa su a tebur baki da baki, fuska a sama, ya bi mahaɗar da salatif ya ja ta tam, ya kifa su, ya shafa gam a cikin kwarin, sannan ya naɗe su su tashi akwati. In yankan ya yi daidai, zanen jikin itacen zai taso daga gefe, ya karya kwana, ya bi ta sama, ya gangara ɗaya gefen ba tare da ya yanke ba. In an kuskure da rabin digiri, tsaga za ta fito a kusurwar da ido ke fara sauka, kuma garin katako da gam ba sa ɓoye ta ga wanda ya sani. Kafin gam ya kama yakan auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta hagu da ta dama. In tsawon biyu ya zo ɗaya, akwati ya miƙe.

Sai dai kyau ba shi ne farko ba, iska ce. Lissafin nan na digiri 10 yana nan yana jira. Kafintan da bai san lantarki ba zai rufe saman ruf don ya fi kyau, ya dafa sababbin kondensar da aka sha wahalar sawa. Dole a huda sama daidai kan inda ƙarfen shan zafi yake, a sa raga, a buɗe ƙasa, a ɗaga akwatin a kan ƙafafu don iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa mai zafi ta fita ta sama. Masu bawul sun fi tsanani. Da yawansu ba a rufe su ma, sai dai a yi musu gindi ko kumatu biyu na katako a bar kwalaben a fili. Akwai kuma ɗan abin da ke kashe aiki a minti na ƙarshe: kusoshin da ke ɗaure na'ura da akwatin ta ƙasa. In sun fi kima tsawo sai su huda su taɓa allon wuta. Ana auna su kafin a ɗaura.

Gogewa da samfefa daga mai kaushi ake farawa zuwa mai laushi, kullum ana bin tsawon zanen itace, kuma a kan siririn falle da hannu ake yi, domin inji yana cinye shi ya fito da allon ƙasa kafin ka ankara. In tsohon akwati ne ake ceto, inda ya loɓa akan ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna dutsen guga, tururi ya tayar da wurin. Yawanci mai ake shafawa, ba fenti mai ƙyalli ba: a shafa, a bari ya sha, a goge, a kwana, a sake. Tsumman da ya sha irin wannan mai ba a dunƙule shi a jefa kwandon shara, domin yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi ake yi a fili.

Irin waɗannan na'urori sun shigo Najeriya tun zamanin ƙarin albashin Udoji a 1975, lokacin da ma'aikata suka cika falo da rediyo da garmaho, wasu kuma suna shigowa yanzu cikin kayan gwanjo. Mai saye ya fara duba bayanta. Wadda aka yi don Japan bolt 100 take ci, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. Wasu suna da maɓallin sauyawa, wasu sai an haɗa su da taransifomar rage wuta, kuma jonawa ɗaya cikin rashin sani ta isa. Wutarmu mai hawa da sauka ma tana son a sa sitabilaiza a tsakani. Ta fuskar katako kuwa ba sai an jira walnat ba. Madaci yana nan, ɗan'uwan mahogani ne, yana karɓar mai ya yi ja mai zurfi. Loko ma yana yi. Sai dai katakon da aka yanko daga Kudu da danshinsa, aka ƙera akwati da shi da damina, hunturun Kano zai gwada shi. Kafintan da ya san aikinsa yakan ajiye shi ya ga rani guda tukuna.

Kafin a miƙa wa mai ita, akan bar ta tana kiɗa awanni a cikin akwatinta, ana ɗora hannu a raga ana jin zafi, a sake buɗewa a duba saitin ko ya gusa. Tsofaffin kayan da aka cire a zuba su a leda a ba shi, tare da takardar da aka rubuta abin da aka canja, da lambar abin da aka sa a madadinsa, da adadin da mita ta nuna a kowane gefe.